Yoga, Woodstock da Tikitin Dala 18



Kwanaki wani abokina ya turo min tallan ajin yoga. An rubuta wai motsa jiki ne mai shekara 5,000, kuɗin shiga kuwa ba na yaro ba ne. Na ce to, bari in bi diddigi kafin a sayar mana da tarihi.

Yoga dai daga Indiya ta fito, wannan ba gardama. Amma kalmar asana, wadda yau ake kiran kowace irin lanƙwasa jiki da ita, asalin ma'anarta a harshen Sanskirit ita ce zama. Littafin Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500, yana da gajerun jimloli kusan 196, uku ne kacal suka yi maganar asana. Manufar ita ce mutum ya zauna daram ya tattara hankalinsa. Ko a ƙarni na 15, littafin Hatha Yoga Pradipika asana 15 ya bayyana. Ciki akwai padmasana, wato zaman harɗe ƙafa, da shabasana, kwanciya rigingine kamar gawa.

To ina aka samo sauran? Yawancinsu ƙarni na 20 ne ya fito da su. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya yana koyar da samari a fadar Sarkin Mysore, yana haɗa motsi da numfashi a jere. Masanin tarihi Mark Singleton ya nuna a littafinsa na 2010 cewa atisayen Turawa na wancan zamani ya shiga cikin tsarin. Ɗalibin Krishnamacharya, B.K.S. Iyengar, ya fitar da littafi a 1966 mai asana wajen 200. Kun ga tazarar: daga 15 zuwa 200. Ita ma Surya Namaskar, wadda ma'anarta gaisuwa ga rana, Sarkin Aundh ne ya yayata ta a shekarun 1920.

Yanzu ku biyo ni Amurka, domin a nan yoga ta haɗu da kiɗa. Ranar 15 ga Agusta 1969 aka buɗe bikin Woodstock a gonar wani makiyayi, Max Yasgur, a Bethel ta jihar New York. Wanda ya yi jawabin buɗe taron malamin yoga ne ɗan Indiya, Swami Satchidananda. A daren nan kuma Ravi Shankar ya kaɗa sitar ana ruwan sama. Dubban matasan Amurka a irin wannan fili suka fara jin batun yoga.

Tikitin kwana uku dala 18 ne in ka saya da wuri, 24 a bakin ƙofa. An sayar da kimanin 186,000. Sai dai garin Wallkill, inda aka tsara yin bikin tun farko, ya hana su saura wata guda. Lokaci ya ƙure: ko a gama dandamali, ko a gama shinge da rumfunan tikiti. Suka zaɓi dandamali. Jama'a suka kwararo, sama da mutum 400,000, dole aka ce shiga kyauta ce. Masu shirya bikin suka tashi da bashi, fim ɗin da ya fito a 1970 ne ya taimaka musu suka farfaɗo. Duk mai shirin haɗa taron matasa ya riƙe wannan: in ba ƙofa, tikiti takarda ce kawai.

Na san tambayar da ke ranku: ya batun addini? A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda ambato da ibadar Hindu da ke cikinta. A 2009 malaman Indonesiya suka bambanta: mai ambato haramun, motsa jiki zalla ba laifi. Shi ya sa sanin asali ke da amfani.

Ni dai abin da na gaya wa abokina shi ne, kafin ka biya, tambayi mai ajin me ake furtawa, me sunan kowane motsi ke nufi, kuma me kuɗinka ya saya. In ya kasa amsawa, miƙe ƙafa a tsakar gida kyauta ne.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.