Tombstone: Hukuncin da Bai Kashe Wuta Ba

Fina-finan kaboyi sun saba tsayawa a kan daƙiƙa 30 ɗin da aka yi ana ɓarin wuta kusa da O.K. Corral a garin Tombstone na Arizona, ranar 26 ga Oktoba 1881, su mai da 'yan gidan Earp da Doc Holliday gwaraza. Abin haushi ne, domin ɓarnar da ta biyo baya ta fi yawa, kuma daga kotu ta faro.

Gawa uku aka kwashe: Billy Clanton, da Tom da Frank McLaury. Ike Clanton, wanda ya ranta a na kare da aka fara harbi, ya kai ƙarar 'yan Earp da Holliday kan kisan kai. Alƙali Wells Spicer ya yi wata guda yana jin shaidu, ranar 30 ga Nuwamba ya sallami waɗanda ake tuhuma, ko da yake ya soki Virgil Earp kan gayyato ɗan'uwansa Wyatt da Holliday alhali akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu da Ike.

Tushen matsalar shi ne doka a Tombstone iyayengiji biyu gare ta. Virgil ne shugaban 'yan sandan gari, 'yan kasuwa da jaridar Epitaph suna bayansa, galibinsu 'yan Republican. Johnny Behan, babban jami'in tsaron gundumar, ɗan Democrat ne mai ɗasawa da makiyayan da ake zargi da satar shanu, irin su Clanton da McLaury, har ya ba da shaida a kan 'yan Earp. Duk hukuncin da ya fito, rabin gari zai ce na jam'iyya ne. Barin Wyatt ya karanto rubutaccen jawabi ba tare da an yi masa tambayoyi ba, ko da dokar yankin ta yarda, ya ƙara wa zargin ƙarfi.

Masu kare Spicer suna cewa dokar gari ta hana yawo da makami, Ike ya kwana yana barazana, shaidarsa kuma tubka da warwara ce. Haka ne. Amma hakan bai gamsar da dangin mamatan ba.

Ranar 28 ga Disamba aka yi wa Virgil kwanton ɓauna, hannunsa ya nakasa, kotu ta saki waɗanda ake zargi. Ranar 18 ga Maris 1882 aka kashe Morgan Earp. Daga nan Wyatt ya yi watsi da kotu, shi da mutanensa suka bindige Frank Stilwell, wanda ake zargi da hannu a kisan Morgan, a Tucson, Behan ya bi sawunsu da sammaci, suka tsere Colorado. Gwamna Pitkin na Colorado ya ƙi miƙa Holliday, Wyatt kuwa ya mutu a Los Angeles a 1929 ba a taɓa gurfanar da shi kan jinin Stilwell ba.