Idan J5 Ta Mutu a Hanya, Me Ake Fara Dubawa?

Duk mai bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi ya taɓa ganin mota a gefen titi, an ɗaga bonet, an jera ganye a bayanta, fasinjoji sun yi jugum a gindin bishiya. A hutun da ya wuce ni ma na shiga sahun masu jugum ɗin, don kawuna direban J5 ne, yakan tafi da ni in taya shi ƙirga buhuna.

J5 ta kamfanin Peugeot ce na Faransa, an fara ƙera ta a 1981. A Turai wasu sukan sa wa irinta gado da murhu su tafi yawon buɗe ido, kamar gida mai taya. Mu a nan masara da dawa da tumatir take sha.

Ran nan mun ɗauko masara, mun wuce Bakori kaɗan bayan la'asar, sai motar ta fara tari tana fizga, daga nan ta mutu. Gabana ya faɗi, don yanzu ba wanda yake so dare ya yi masa a hanya. Kawu ya gangara da ita gefe, ya sa na kafa dutse a taya, karen motarsa kuma ya karyo ganye ya jera can baya don masu tahowa su rage gudu.

Na ce, "Kawu, a kira bakanike?"

Ya ce, "Tsaya tukuna, ɗana. Mu fara tambayar ta abin da ke damun ta."

Ga abin da ya koya mini. Injin fetur abu uku yake so: mai, iska da wuta. Kabureta ce take gauraya mai da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, sai abin ya kama da wuta a cikin injin ya juya shi. In ɗaya ya yanke, mota ta tsaya. Aikin direba shi ne ya gano wanne ne.

Da farko a murza makulli a kasa kunne. In aka ji shiru, ko ƙas-ƙas kawai, a danna hon a kunna fitila. In sun yi sanyi, yawanci batir ne. Sau da yawa ma batirin lafiyarsa lau, kan batir ne ya kwance ko wani farin gari ya taru a kansa. A kankare, a ɗaure da sifana. In ta ƙi, sai turi a giya ta biyu.

In kuwa injin yana juyawa amma bai kama ba, to a tuna yadda ta mutu. Wadda ta ɗauke lokaci ɗaya kamar an kashe fitila, an fi zargin wuta, wata waya ta zare ko kwayil ya lalace. Wadda ta yi ta tari kafin ta mutu, irin tamu, an fi zargin mai.

Kawu ya cire tiyon da yake kai mai kabureta, ya sa bakinsa a cikin gorar ruwa da ba komai, karen mota ya murza makulli. Man da ya fito ɗan kaɗan ne, ja-ja, da datti. Da gorar ta ɗan zauna sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur a sama, kamar yadda malamin kimiyya ya gaya mana cewa ruwa ya fi fetur nauyi. Ashe man galan da muka saya da safe a bakin hanya ne. Dattin ya toshe filta. Allah ya sa Kawu yana ajiye sabuwa a ƙarƙashin kujera. Ya canza ta, ya zubar da man da ke cikin kabureta. Duk lokacin nan ya hana kowa kunna ashana ko sigari kusa.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari, shi ne mota ta ɗau zafi. Za ka ga allura ta haura, tururi yana fita daga bonet. Ko lagireto yana yoyo, ko fanbel ya tsinke, ko fanka ta daina aiki. Don Allah kada wanda ya buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wanda yake a matse a cikin lagireto yakan wuce haka, da an buɗe sai ya yi tsartuwa a fuska. Karen motar Kawu yana da tabo a hannu har gwiwa, a wata mota ya samo shi. A kashe injin, a jira ya huce sosai, a buɗe a hankali da tsumma mai kauri. Kuma ba a sheƙa wa injin mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsagewa. Direban da ya ce bari ya lallaɓa da ita a haka har gari, a ganina ya fi wanda ya tsaya asara, don gaskit zai ƙone, kuɗin lodin duka ya tafi gareji.

Tamu dai a murzawa ta uku ta tashi. Na yi tsalle zan shige, Kawu ya ce, "Ina za ka? Ganyen fa?" Na koma na kwashe su da dutsen, saboda masu babur da daddare. Mun shiga Malumfashi ana kiran magariba.