Abin da ya kamata ku sani: motsa jiki da tarbiyyar zuciya

A garuruwanmu, in aka ga magidanci mai rufin asiri yana takawa a ƙasa da sanyin safiya, tambayar farko ita ce ko motar ce ta lalace. In kuwa tumbi ya fito masa, sai a ce kuɗi sun zauna. Wannan fahimta tana cutar da mu, domin ita ke sa mutum ya hau babur zuwa masallacin da ke bayan layinsu don kada a ce ya tsiyace.

Alhali kuwa Bahaushe ya daɗe da sanin cewa wahalar da jiki makaranta ce. Dubi dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne na kai naushi, ɗayan kuma yana buɗe yana kare kansa da shi. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Abin lura shi ne abin da ke biyo baya. Wanda aka buge a gaban dangi da makaɗa zai tashi ya kakkaɓe ƙura, ya koma cikin 'yan ɓangarensu, Kudu ne ko Arewa ko Guramada, gobe kuma ya sake naɗe hannu. Yaron da ya taso a wannan fage ya koyi ɗaukar kaye ba tare da ya kai ƙara ko ya ɗauko wuƙa ba, ya kuma koyi tsayawa cak idan alƙalin wasa ya raba, ko da zuciya na tafasa. Dambe na da haɗarinsa, musamman dukan kai, kuma masu shan ƙwaya kafin su shiga fili suna ɓata shi. Amma darasin da ke cikinsa na gaske ne.

A Nijar hukuma ma ta gane haka. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, kuma har yau jihohi takwas na ƙasar suna tura 'yan kokawarsu. Wanda ya kayar da kowa takobi ake ba shi, abin da a al'ada sarakuna da mayaƙa ke ratayawa. Ɗan manomi daga ƙauye yana iya samunsa da ƙarfin damtsensa da horon da ya yi wa kansa.

To me ke faruwa a jikin mutum? Idan aka sa tsoka aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, tana gajiya, sannan a lokacin hutu da barci ta sake ginuwa da ƙarin ƙarfi. Zuciya ma tsoka ce: mai tafiya kullum, zuciyarsa na tura jini da yawa a bugu ɗaya, shi ya sa hakinsa ke raguwa. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini, abin da ke rage haɗarin ciwon sukari; motsa jiki kuma na rage haɗarin hawan jini. Barci na gyaruwa, damuwa na sauƙi. Sai dai duk wannan ba ya zuwa a kwana biyu, makonni yake ɗauka, kuma babu mai iya yi maka shi. Ana iya sayen takardar shaida, ana iya samun aiki ta hanyar wani babba, amma numfashin da zai kai ka hawa na uku ba tare da ka dafa bango ba, sai ka nema da ƙafarka. A ganina nan ne amfaninsa ga hali yake. Wanda ya yi wa kansa alkawarin fita bayan sallar asuba, ya cika shi cikin hunturu ba mai kallonsa, ya fara yarda da maganar kansa, kuma wannan yarda tana binsa zuwa kasuwa da aji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kullum. Ƙididdigarta ta 2022 ta nuna kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa kai wannan mizani, kuma mata sun fi maza yawa a ciki.

Batun matan nan ya shafe mu ƙwarai. Iyayenmu mata sun yi daka da surfe da ɗiban ruwa; yau inji da famfo sun ɗauke wa da yawa wannan wahala, alhamdu lillahi, amma ba a maye gurbinta da komai ba. Mace a birni na iya wuni tsakanin ɗaki da madafa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka maigidan da ke hana iyalinsa motsa jiki a tsakar gida ko zagaya unguwa cikin sutura ba shi da hujja a addini.

Mai karatu, ba sai ka sayi kayan wasanni ba. Minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 ɗin. In kana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon sukari, fara ganin likita, sannan ka soma da minti goma, ka riƙa ƙarawa a hankali. Ka kuma tafi da maiɗakinka.