Tumunin takaba: yadda ake ninka kashi da kashi

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa "sau" ƙara abu yake yi. To, idan kashi ake ninkawa da kashi, raguwa abin yake yi, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wajen rabon gado.

Mu ƙaddara wani manomi a Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejia, ya rasu. An biya bashi, an cika wasiyya, saura buhun riɗi 16. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa kuwa sun riga shi.

Tunda akwai 'ya'ya, rabon mata shi ne tumuni, wato 1/8, wanda ake kira tumunin takaba. Tumuni ɗaya ne tak, su biyun za su raba. Kowacce tana da rabin tumuni. Wannan "na" ɗin da ke cikin "rabi na tumuni" shi ne "sau": 1/2 × 1/8. Ka ninka sama da sama, ƙasa da ƙasa, ka sami 1/16. Buhu ɗaya ke nan kowacce.

Saura 7/8 na 'ya'ya ne. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, jimilla kashi 7. Rabon kowane ɗa namiji 2/7 ne, amma na abin da ya rage, ba na dukiyar gaba ɗaya ba. A nan ake yawan tuntuɓe. In aka ɗauki 2/7 na buhu 16 kai tsaye, 'ya'yan za su cinye komai, matan su tashi hannu rabbana.

Daidai ɗin shi ne 2/7 × 7/8 = 14/56. Lambar tana da ban tsoro, amma 14 na shiga cikin 56 sau huɗu, ashe 1/4 ne kawai. Ni dai na fi son a soke 7 na sama da 7 na ƙasa tun kafin a ninka, sai 2/8 ya rage, wato rubu'i. Kowane namiji buhu 4, macen buhu 2. Ka haɗa: 12 da 2 da na mata 2, an koma 16 cif.

Wannan lissafi ya daɗe. Littafin aljabara da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 ya ware babban sashe ga matsalolin gado da wasiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid ma, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, tana da babin fara'id.