Gyaran tsohon gida a Damagaram: ina za a fara sa kuɗi?

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne na tsakiyar ƙarni na 19, ya ga zuwan Nasara ya ga tafiyarsu. Labarinsa ya zaga duniya don sananne ne. Gidajen talakawa kuwa da suka kwanta a wannan damanar, ba a yi ta nuna hotonsu ba. Da yawansu sun jima suna faɗakar da masu su: bango ya tsage, indararo ya karye, soro yana yoyo, sai a tara kwano a ce sai baɗi.

Jama'a masu karatu, duk wanda ya ratsa lungunan Birni da Zango ya san irin gidajen da nake nufi. Zaure mai zanko a kai, fuskar gida da zane, bango mai kaurin da in ka shiga da azahar sai ka ji kamar ka shiga randa. Birni ta bunƙasa zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Zango kuwa masaukin ayari ce, fatake da attajirai irin su Malam Yaro suka raya ta. Wato da ribar kasuwa aka gina yawancin gidajen nan, kuma yau ma ɗan kasuwa ko ƴar kasuwa ne dangi ke kallo in gidan gado ya lalace. Har 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai, kuma tun 2006 sunan Birni da fadar sarki yana cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya, kamar yadda ta karɓi tsohon garin Agadas a 2013. Mutanen Maraɗi su suka san zafin rashi, don ambaliyar 1945 ta ci tsohon garinsu na bakin gulbi, dole aka hau tudu.

To, ga Hajiya ta kwashi adashe, ko Alhaji ya samu ciniki a kasuwar Dole, an ce a tada gidan kaka. Abin da aka fi yi shi ne a sayo siminti a shafe bango, a yi fenti, maƙwabta su zo barka. A nan kuɗi ke halaka. Bangon ƙasa yana shan danshi da damana ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya kama ƙasa da gaske. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shige ta baya, ƙasar ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye, fuska kuwa fes. Ku ƙwanƙwasa irin wannan bango, za ku ji yana amsawa kamar ganga. Rana ɗaya sai falle guda ya zubo, ya taho da rabin bangon.

Tsofaffin magina daga sama suke farawa. A hau soro a duba inda ruwa ke kwanciya, a share ciyawar da ta tsiro, a buɗe indararo, in gajere ne a ƙara masa tsawo don ruwa ya zuba nesa da bango. Sannan a duba azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya ta gaske gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa in an rushe tsohon ɗaki ake tsince ta a sake aiki da ita. Kada ku bari a faskara ta a hura wuta, ko wani mai wayo ya saye ta a kuɗin itacen girki. Giginya ta yi wuya yanzu, kuma ba a saranta sai da iznin ma'aikatan gandun daji. In ɗakin mai bakan gizo ne, kada a sa masa hannu sai da maginin da ya gaji aikin, don nauyin rufin duka a kansa yake.

Daga sama sai gindi. Nan ne ruwan titi ke zaizaya, musamman inda shara da yashi suka tada lungu har ya fi tsakar gida tudu. Akwai kuma ɓarnar cikin gida: rariyar makewayi, pampo mai ɗiga dare da rana, ruwan wanke-wanken masu tuyar ƙosai da masu abincin sayarwa da ake watsawa a gindin katanga. Ƴan uwana mata, wannan namu ne. A nan siminti da dutse suna da amfani: a gina rariya mai kyau, a yi dakali mai gangara da zai kori ruwa. Masu son tol ma ba a hana su ba, sai dai a bar masa baki ya rufe kan bango, a kuma shirya wa zafin watan Afrilu.

Bayan haka ake zuwa yaɓe, da ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita. A kwaɓa ta da haki, a tattake, a bar ta kwanaki ta tsima kafin a ɗora. Inda ya rushe a cike da tubali busasshe. Magabata suna ƙara makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame. Masu hali suna yin laso, haɗin katsi na marina da gashin akuya na majema da dafara. Ba su dawwama, sai ana sabuntawa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta ai matakan masu yaɓe ne. Lokacin aiki kuwa daga bayan kaka ne zuwa ƙarshen ɗari, lokacin da ƴan ƙodago suka dawo daga gona kuma ƙasa za ta bushe a hankali. Wanda ya jira har hadari ya fara haɗuwa, zai biya tsada ya kuma ɗora yaɓe ɗanye.

Amma a ganina babban abin da ke kada gidajen nan, gado ne da ba a raba ba. Magada ashirin, wasu a Kano, wasu a Kwatanu, wasu a Libiya, kowa na cewa ba zai gyara wa wani ba. Sai a zuba ƴan haya, a karɓi kuɗin wata, ba mai hawa soro. In kuma ɗaya ya yi zuciya ya kashe jikkunansa, ranar da gida ya yi kyau ranar ake tunawa da rabo. Don haka kafin a sauke amalanken ƙasa ko ɗaya, a tara magada gaban malami da mai unguwa, a rubuta wa ya sa nawa, da yadda za a maida masa, ko daga kuɗin haya ko ranar rabo. Mata su fi kowa kula da wannan takarda, don sau da yawa su ke fidda jarinsu saboda kunyar gidan uba, a ƙarshe a ce ai taimako suka yi.

Mai son fidda shago a jikin gida don ya maida kuɗinsa, ya nemi shawarar magini da iznin ma'aikatar magajin gari, kada ya fasa bangon da ke ɗauke da azara don ƙofar butiki. Zaure kansa yana isa tela ko mai tireda. Zanen fuskar gida kuma a ɗauki hotonsa da salula kafin a taɓa shi, don mai yaɓe ya ga abin da zai maida.