Saita Gilashi Mai Faɗin Gani da Hannu a Kyamarar Fim

Mai hoton da ya saba da gilashin milimita 50, ranar da ya ɗaura na 28 a kyamararsa zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Yana murza zoben saiti dama da hagu, amma abin da yake gani ta tagar leƙe kusan bai canza ba, komai kamar ya fito tar. Sai an wanke fim ɗin yake tarar da fuskar da ya nufa ta yi dishi-dishi, bangon da ke bayanta kuwa ya fito rangaɗau.

Tushen abin yana cikin girman fim. Tun Leica ta farko da Oskar Barnack ya ƙera, wadda ta shiga kasuwa a Jamus a 1925, yawanci hoto a fim mai milimita 35 yana cin wuri mai milimita 24 da 36. Gilashin 50 yana kwaso kimanin digiri 47 na abin da ke gabansa, daga kusurwa zuwa kusurwa. Na 28 yana kwaso 75, na 21 kuma ya haura 90. Tunda wurin bai ƙaru ba, dole kowane abu ya ƙanƙance kafin ya samu shiga, kuma kuskuren saiti ma tare da shi yake ƙanƙancewa.

Kowane gilashi nisa ɗaya tak yake saitawa daidai. Ɗigon da ke gaba ko bayan wannan nisa, a matsayin ɗan da'ira yake sauka a fim. Idan faɗin da'irar bai wuce milimita 0.03 ba, ido yana karɓarta a matsayin ɗigo a hoto matsakaici. Tazarar da wannan afuwa ta shafa, daga gaba zuwa baya, ita za mu kira zangon tar. Zangon yana ƙaruwa idan gilashi ya gajarta, ko aka tsuke ƙofar haske (f/8 ta fi f/2.8 tsukewa), ko abin ɗauka ya yi nisa. A f/8, idan aka ajiye gilashin 50 a mita 10.4, komai daga mita 5.2 zuwa iya ganin ido zai fito. Na 28 kuwa mita 3.3 kawai yake buƙata, ya kama daga kusan mita 1.7 zuwa ƙarshe.

Wannan yalwa ita ce ke yaudarar ido. A kyamara mai madubi a ciki, irin Nikon F ta 1959 ko Pentax K1000 ta 1976, ta cikin gilashin kansa kake kallo. Gilashi mai dogon gani yana nuna maka lokacin da saiti ya faɗa daidai, mai faɗin gani kuwa a hankali yake shiga, a hankali yake fita. Akwai ɗan da'ira a tsakiyar tagar da ke raba layi biyu har sai saiti ya yi daidai su haɗe, amma idan abu ya yi ƙanƙanta, rabuwar ma da ƙyar ake ganinta. Kyamara mai ma'aunin nisa, irin Leica M3 ta 1954, ba ta da wannan damuwa. Da tagogi biyu take auna nisa, kana haɗa siffofi biyu su zama ɗaya, kuma ingancin awon bai dogara da gilashin da aka ɗaura ba. Shi ya sa masu son faɗin gani suka daɗe suna riƙe da ita. Garry Winogrand da Leica da gilashin 28 ya yi yawancin aikinsa a titunan New York.

Sai dai hanya mafi sauƙi a jikin gilashin take rubuce. Kusa da zoben saiti akwai lambobi biyu-biyu, 4 da 4, 8 da 8, 16 da 16, hagu da dama da layin tsakiya. Ka zaɓi f/8, ka murza har alamar nisa marar iyaka, mai kama da 8 a kwance, ta tsaya kan 8 na gefe ɗaya. Nisan da ya faɗa kan 8 na ɗaya gefen shi ne farkon zangonka. Daga nan ba sauran murzawa, sai lura da inda mutane suka tsaya. Olympus Trip 35 ta 1967 ma a kan wannan tunani aka gina ta: zobenta zane huɗu ne, daga kan mutum ɗaya zuwa duwatsu. Bayan Minolta 7000 ta 1985 ta yaɗa saiti mai sarrafa kansa, waɗannan lambobi suka riƙa ɓacewa daga sababbin gilasai.

Afuwar tana da iyaka, kuma a kusa take ƙarewa. Gilashin 28 a f/2.8, a nisan mita ɗaya, zangonsa daga santimita 90 ne zuwa 112. To a ce ka saita fuska a tsakiyar taga, sannan ka juya kyamara digiri 30 don ta koma gefe. Saitin gilashi shimfiɗaɗɗe ne kamar bango, ba ya lanƙwasa ya bi juyinka, don haka fuskar ta dawo santimita 87, ta fita daga zangon. A nan gara a tsuke ƙofa, ko a rage nisan kaɗan da hannu bayan an juya.

A ganina, a titi ko taron biki da rana, lambobin sun fi ido gaskiya, amma ƙasa da mita biyu ko cikin ɗaki mai ƙarancin haske dole a tsaya a auna. Kuma awon 0.03 ɗin don hoto mai kimanin santimita 20 da 25 aka yi shi. Wanda zai buga babba na ratayewa, ya tsuke ƙofa zuwa f/11 amma ya karanta lambobin 8.