Mai Karatun Littafi Mai Tsarki a Majami'un Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce duba aikin mutumin da kan miƙe ranar Lahadi a majami'a ya karanta wa jama'a Littafi Mai Tsarki, alhali shi ba fasto ba ne. Za a ɗauki ƙasar Sabon Birni da Isa a matsayin misali, domin a nuna cewa aikin ya wuce iya haɗa baƙi, tun da yake akwai abubuwan da rubutun boko ya bari a hannun mai karatu.

Asalin Aikin

Karatu a bainar jama'a ya girmi Kiristanci. Littafin Nehemiya sura ta 8 ya ba da labarin yadda Ezra ya karanta Attaura, Lawiyawa suna fayyace ma'ana, Linjilar Luka sura ta 4 kuma ta nuna Yesu yana karanta littafin Ishaya a Nazarat. Cocin Ingila ya farfaɗo da muƙamin mai karatu a 1866. Cocin Katolika ya mai da shi hidimar waɗanda ba limamai ba a 1972, sannan ya buɗe shi ga mata a hukumance a 2021. A ikilisiyoyin ECWA, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu a 1954, dattawa da sauran masu bi sukan yi karatun.

Ƙasar da Jama'arta

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Iyakar da Turawa suka shata ta bar Tsibiri ga Faransa, Sabon Birni da Isa ga Ingila. Mishan ɗin SIM ya zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, saboda haka aka sami Gobirawa Kiristoci a wancan ɓangare. A wannan ɓangare kuwa Kiristoci ƙalilan ne a tsakiyar Musulmi, galibinsu ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu wurare, waɗanda Hausa ce ke haɗa su.

Abin da Rubutu Bai Nuna Ba

Schön ya fara fassara sassan littafin zuwa Hausa a tsakiyar ƙarni na 19, cikakkiyar fassara kuma ta fito a 1932 bayan aikin Dokta Miller na Zariya da abokansa. Ita da waɗanda suka biyo bayanta da boko aka buga su. To, boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, alhali ajami yakan nuna tsawon. Alal misali, kalmar "fari" tana iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona. "Gari" na iya zama mazaunin mutane ko niƙaƙƙen hatsi. Mafi haɗari shi ne "ya zo". In aka ja wasalin da sauti sama, labari ne na abin da ya auku. In aka gajarta shi da sauti ƙasa, roƙo ne ko umurni. In aka ja shi da sauti mai faɗuwa, alkawari ne na gaba. Mai karatun da ya kuskure a nan ya mai da addu'a labari, mai sauraron da bai iya karatu ba kuwa ba shi da hanyar ganewa.

Karin Harshe

Matsala ta biyu ita ce littafin da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, wadda aka gina kan Kananci. Wanda ya tashi a Gobir "sunka tahi" yake cewa inda littafi ya ce "suka tafi", "shi na" inda aka rubuta "shi ne", "ɗiya" a maimakon "'ya". Wanda ya yi makarantar Faransanci a ƙetaren iyaka kuma yakan yi tuntuɓe da harafin "c". Hanyar da ta fi dacewa ita ce a karanta aya yadda aka buga ta, domin masu riƙe da littafi su bi, a bar karin gida ya fito wajen bayani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mai karatu shi ne ke ƙarasa aikin masu fassara. Wajibi ne ya karanta surar da murya tun kafin ranar sujada, ya sa alama kan kalmomi masu fuska biyu, ya tambayi wanda ya fi shi jin Hausa. Wannan nauyi bai tsaya ga majami'a ba: yana kan mai karanta labarai a rediyo, da magatakardan kotu, da duk ma'aikacin da kan karanta wa talakawa takardar hukuma.